Da Yaya Lawali Ya Yi Shiru

Waɗanda suka zo mana gaisuwar rasuwar Yaya Lawali, na gode, Allah ya bar zumunci. Ba ku da yawa, duk na riƙe fuskokinku. Waɗanda ba su zo ba kuma, amma suke tare ni a Babbar Kasuwa suna tambaya wai me ya kashe shi, wai gaskiya ne cikin akwati aka binne shi, to ga labarin nan, ku karanta ku huta, ni ma in huta da amsawa. Ni ce Rakiya ƙanwarsa, tela a unguwar Banifandu ta Yamai, ni na yi jinyarsa daga farko har ƙarshe. Ciwon ƙoda ne ya kashe shi. Amma ba ciwon ne ya fi ci masa rai ba.

Duk wanda ya san Yaya a da, ya san maƙaryaci. Ba zagi nake yi ba, shi ma da bakinsa yake faɗa daga baya. Dillalin motoci ne, irin waɗanda ake kawowa daga Kwatano. Motar da ta sha ruwa har kujeru, Yaya zai wanke ta, ya fesa turare, ya juya kilomita baya, ya rantse maka wata tsohuwar Baturiya ce take zuwa sayen burodi da ita. Ko a gida in ya ce yana kan hanya, to ko wanka bai shiga ba. Muna dariya, muna cin kuɗin, ba wanda ya taɓa ce masa ya ji tsoron Allah. Ku riƙe wannan, don masu cin kuɗin nan su ne mutanen da daga baya suka fi kowa wa'azi.

Sai ga shi ya zama Kirista. Wani tsohon makanike ne a garejin da yake kai motoci ya riƙa karanta masa Linjila suna shan shayi, ban san abin da ya ji a ciki ba. Ni Musulma ce, kuma a nan nake har gobe. Abin da idona ya gani kawai zan faɗa: mutumin nan ya daina ƙarya, tsaf. Mai saye ya zo, Yaya ya ɗaga kapo, murfin inji, ya nuna masa inda mai ke ɗiga. Ya riƙa bin mutanen da ya cuta gida gida yana ba su haƙuri, wani ya yi dariya, wani ya kwaɗa masa mari. Ciniki ya mutu. Dangin matarsa suka zo daga Tawa suka kwashe ta da yara. Na ce masa, "Yaya, ko an yi maka sammu ne?" Ya ce, "Rakiya, Yesu ya karɓe ni yana sane da duk ɓarnar da ke cikin injina. Ni ban taɓa karɓar mota haka ba."

Innarmu mutuniyar Maraɗi ce ta asali, kuma Yaya ne ɗanta na fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban taɓa ganin ta taɓa shi ba, sai dai ta ce "yayanku". Ranar da ya je ya faɗa mata da bakinsa, ba ta ɗaga murya ba. Ta dafa ƙirjinta ta ce, "Ban yafe maka nonon da ka sha ba." Ya durƙusa yana kuka kamar yaro, ta juya fuska ga bango. Daga ranar bai sake taka gidan ba. Ya rasa mata, ya rasa yara, ya rasa kasuwa, duk ya ɗauka. Kalmar nan ce kaɗai ya kasa ɗauka, ita ya kwana da ita ya tashi da ita har ciwo ya zo.

Ciwon ya soma da ciwon kai. Ashe tansiyonsa ya daɗe yana sama, hawan jini ke nan, bai taɓa aunawa ba. Kan ya sara, ya tsai da masu tallar magani a faranti ya sayi ƙwaya ja da fara ya haɗiye da shayi. Da na je ɗakin da yake haya na ga takalminsa ba ya shiga ƙafa, fuska ta kumbura da safe, ido ya zama ɗan tsaga. Na kai shi wata kilinik ta unguwa, suka ce masassarar sauro ce, suka ɗaura sarom, wato ƙarin ruwa. Ruwan da ya kamata a rage masa, shi suka ƙara masa! Muka dawo gida da amai, da shaƙuwa wadda ba ta tsayawa, da ƙaiƙayi har yana yage fatar bayansa. Fitsari kuwa ya koma ɗan cokali.

A makon nan ne masu shawara suka fito. Waɗanda ba su gaishe shi ba tun da ya bar salla, kowa ya zama likita ta waya. Wata gwaggo ta ce jiƙon sassaƙe. Wani ya ce fitsarin raƙumi, har ya san mai sayarwa. Wani ya ce rubutu, amma ba zai ci ba sai ya tuba. Mafi yawansu abu ɗaya suke faɗa: ai ga sakamako nan, tun a duniya. Na ce wa wata, "To mijinki da yake sahun gaba kullum, shi ciwon sukarinsa sakamakon me ne?" Har yau ba ta yi mini magana, kuma ban yi asara ba.

Muka ƙetare kogi zuwa wani babban asibiti wajen unguwar Harobanda. Ku da ba ku taɓa jinya a Yamai ba, ku shirya ƙafafunku. Layin karɓar tikiti daban, layin ganin likita daban, layin analiz, wato gwajin jini, daban, sakamako kuma sai ka dawo. Mai gadin ƙofa Bazabarme ne, duk abin da ka ce masa amsarsa ɗaya, "Kala suru," wato sai haƙuri. Na ji kalmar nan har ta fita mini a rai. Da sakamako ya fito, likitan ya cire tabarau ya ce, "Madam, ina kuka tsaya? Kireyatinin ɗinsa ya wuce hankali. Ƙodojin sun gaji, ba za su tashi ba. Sai diyaliz." Wato inji ya riƙa wanke masa jini. Ban san kireyatinin ba, amma kalmar ta maƙale mini, ina ɗinki ina jin ta a kunne.

Injinan kaɗan ne, marasa lafiya kuwa daga ko'ina. Muka shiga jiran wuri. Da muka samu, aka huda masa wuya aka sa roba. Kullum da sabuwar ordonas, takardar magani, kullum ina hanyar farmasi, wannan babu, je ki waccan. Na sayar da keken ɗinkina na biyu, da atamfofin da nake ajiya. Ba don a gode mini nake faɗa ba, don ku san ciwon nan gida yake ci gaba ɗaya. Ma'aikatan wurin kuwa, akwai wadda ba za ta amsa sallamarka ba, akwai wata 'yar Damagaram da take juya shi da hannunta tana kiransa Baba. Allah ya saka mata.

Lokacin zafin bazara ne, kuma likita ya hana shi ruwa sai ɗan kaɗan a yini. Mutum a Yamai, rana tana dafa kwano, a ce kada ya sha ruwa! Nakan sayo ƙanƙara in fasa in ɗora masa ƙwaya ɗaya a harshe. Yaya na da, wanda in abinci ya yi gishiri sai kwano ya tashi sama, shi ne yake ce mini, "Na gode, Rakiya," a kan ƙwayar ƙanƙara. Maƙwabcin gadonsa wani tsoho ne daga ƙauye da ba shi da mai jinya, Yaya ya sa nake raba kununsa biyu. In tsohon zai yi salla daga kwance, Yaya ne yake tuna masa lokaci ya yi.

Mutanen majami'arsu ma zan faɗi nasu. Wata Mama Saratu, tsohuwar malamar lakwal, wato makarantar boko, ita take karɓata in je gida in ga yarana. Ta wanke masa amai, ta wanke zannuwa, ba ta taɓa yatsina fuska ba. Da aka nemi jini, samarinsu suka yi layi, alhali daga danginmu ko mutum ɗaya bai miƙa hannu ba. Amma su ma sun ba ni haushi. Wasu suka zo suka kewaye gado da addu'a da ƙarfi suna cewa ya warke, ya warke, har wani ya ce in yana da bangaskiya ba ya bukatar inji. Na ce ya fita kafin in nuna masa tawa bangaskiyar. Yaya ya yi dariya har robar wuyansa tana motsi. Da suka tafi ya ce, "Ban roƙi warkewa ba yau. Inna nake roƙo."

Kullum maganar ke nan. In ƙofar ɗakin ta motsa sai ya juya ido. Yakan ce, "Allah ya yafe mini, na sani, ina da salama da shi. Amma ina so in ji daga bakin matar nan kafin in tafi." Na je na durƙusa wa Inna na roƙe ta. Ta ce, "Ya san hanyar dawowa." Ta ci gaba da jan carbi.

Cikin dangi mutum ɗaya ne yake leƙowa, Kawu Isuhu, ƙanen Inna, mai shagon hatsi a kasuwa. Ba ya shiga ɗakin sosai, amma yana zuwa. Wata rana ya ja ni gindin dogon yaro inda masu jinya ke shimfiɗa tabarma, ya ce, "Rakiya, yaron nan ba tashi zai yi ba, ni da ke mun sani. In ya mutu da kalmar uwarsa a kansa, ita ma ba za ta sake moruwa ba. Zan je in ce mata ya dawo, ya yi shahada a gabana. Zunubin a wuyana. Mu kawo ta ranar da aka yi masa wankin jini, lokacin ko magana ba ya iyawa. Ba wanda ya ce ya faɗi komai. Shi dai ya yi shiru."

Wallahi na ga hikima a ciki, kuma har yau ban ce Kawu mugu ne ba. Na amince. Ranar na ce wa Mama Saratu ta huta a gida. Na ɗauke Littafinsa na Linjila daga gefen matashi na sa cikin jakata. Da aka dawo da shi daga inji, jiki duk ya saki, na sunkuya na ce, "Yaya, Inna tana tafe." Ido ya buɗe tar. Ya ce in goge masa fuska, in sa masa hula. Na ce, "Abu ɗaya nake roƙonka. Duk abin da ta faɗa, kada ka tanka. Ka yi shiru kawai." Murna ta hana shi tambayata dalili.

Bayan la'asar suka shigo, Kawu a gaba. Inna ta tsaya tana duban abin da ya rage na ɗanta. Sai ta zauna a bakin gado, ta ɗora tafin hannunta a goshinsa. Ni da aka haifa a gidan nan ban taɓa ganin haka ba. Hawaye suka gangaro masa har cikin kunne.

Ta ce, "Sannu. Sannu, ka ji. Kawunku ya gaya mini komai. Alhamdu lillahi da Allah ya juyo da kai gida. To ka saurara, nonon da ka sha..."

Ya kama hannunta. "Inna, dakata."

Na matse masa ɗan yatsan ƙafa ta cikin zane, da ƙarfi. Bai ko dube ni ba.

"Me Kawu ya ce miki?"

"Ya ce ka yi shahada."

Ya rufe ido, ya daɗe, har na sa rai gajiya ta ɗauke shi. Sai ya ce, murya can ƙasa, "Ba haka ba ne, Inna. Ban koma ba. Ina nan wurin Almasihu. Ina son yafiyarki fiye da ruwan da suka hana ni, Allah ya sani. Amma in kika yafe wa wanda aka ba ki labari, ni ba ki yafe mini ba. Ki dube ni yadda nake, in za ki iya."

Inna ta zare hannunta a hankali. Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta yi wa Kawu wani kallo da ya sa ya sunkuyar da kai. Ta fita. Na bi ta har bakin titi, ta ce kada wanda ya biyo ta, ta tsai da taksi ta shiga ita kaɗai.

Na koma na sauke masa duk abin da ke cikina, marar lafiya ko ba marar lafiya ba. Na ce, "Kai da ka yi rabin rayuwarka kana ƙarya a kan tsofaffin motoci, yau shiru kawai aka ce ka yi! Shiru! Ko kalma ba a nema a bakinka ba. Abin da kake kuka a kai yana bakinta, ya fito rabi, ka mayar da shi!" Ya bar ni na gama. Ya ce, "Na sha sayar da mota ban yi ƙarya ko ɗaya ba, shiru kawai na yi a inda ya kamata in yi magana. Na san irin wannan shirun, Rakiya. Ba zan yi wa uwata shi ba." Ya juya fuska yana kuka. Ban rarrashe shi ba. Zan faɗa muku gaskiya, har yau ina jin haushinsa, kuma har yau ban ga mutumin da na girmama kamarsa ba. Duka biyun suna cikina, sun ƙi rabuwa.

Daga nan jiki ya juya. Wurin robar wuyansa ya yi ruwa, masassara ta kama shi mai kaɗa gado. Aka canja magani, aka sake canjawa. Wani zaman inji ya wuce mu saboda jikinsa ba zai ɗauka ba, ruwa ya taru masa a ƙirji, numfashi sai a zaune. Kullum da safe kafin in tafi asibiti nakan biya in gaida Inna. Ba ta sake tayar da maganar ranar nan ba. Sai dai in na miƙe ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ya mai jiki?" In ce, "Da sauƙi," yadda kowa yake cewa. In na isa asibiti kuma shi ya tambaye ni, "Inna ta ce wani abu?" In ce a'a, don na riga na san ba a yi masa ƙarya.

Ya rasu da hantsi. Mama Saratu tana gefe tana rera masa wata waƙarsu a hankali, ni ina riƙe da kansa. Maganar da na iya ji ta ƙarshe ita ce, "Ki ce wa Inna ban ji haushi ba. Ki ce ina mata addu'a." Mutanen majami'a suka yi masa sutura irin tasu, suka binne shi a maƙabartarsu. E, cikin akwati ne, ga amsarku. Kawu ya zo ya tsaya daga wajen ƙofa har aka gama. Inna ba ta zo ba, ba a kuma yi zaman makoki a gidanta ba.

Ku da kuke karantawa, ku auna tansiyonku ko ba kwa jin komai. Ku bar ƙwayar faranti. In ƙafa ta kumbura, fitsari ya ragu, kada ku yarda a ce muku sauro ne a ɗaura sarom, ku nemi a duba ƙoda tun da wuri. Masu jiƙo da masu wa'azi ta waya, ba ɗayansu da zai kwana da ku a tabarmar asibiti. Wannan shi ne na likita. Akwai saura, wanda ba likitan da ya gaya mini.

Na yi makonni ban isar da saƙonsa ba, zuciyata ba ta ba ni ba. Ina zuwa gaisuwa in tashi. Rannan na tarar da Inna a tsakar gida tana tsinke zogale, ta rame, zobenta yana yawo a yatsa. Na zauna na kama mata. Can na ce, "Inna, Yaya ya bar miki saƙo. Ya ce bai ji haushi ba. Ya ce yana miki addu'a."

Hannunta ya tsaya cikin faranti. Ta ce, "Haushin me? Ai na yafe masa."

Na ce, "Yaushe?"

"Tun ranar nan. Cikin taksi, muna bisa gada. Na ce ɗan da ya ƙi cutata yana bakin mutuwa, ni wace ce da zan riƙe shi? Na faɗa da bakina, da ƙarfi, na ce na yafe nonon, duniya da lahira. Direban ma ya ce amin."

Na ce, "Direba, Inna? Direban taksi ya ji, shi bai ji ba? Mutumin nan ya mutu yana kallon ƙofa! Me ya hana ki komawa? Me ya hana ki aiko ni?"

Ta ce, "Ɗan fari ne. In fita a gaban kawunku da fushi, in juyo a ranar, a ce me? Na ce bari ƙura ta lafa, ya ɗan ji ƙarfi, in sa ki kai ni ba da sanin kowa ba. An ce mini masu wankin jinin nan suna shekaru."

"Shekaru? Inna, mutuwa yake yi! Kowace safiya ya fi jiya lalacewa!"

Sai ta ɗago ta dube ni, ido jawur, karon farko tun rasuwar. Ba faɗa a muryarta, tambaya ce kawai.

"To Rakiya, ba kullum nake tambayarki ba? Kullum kina ce mini da sauƙi."